Tiyatar maƙoƙo: yadda likitoci ke auna haɗari kafin aiki

Maƙoƙo kumburi ne na ƙullun tayirod da ke gaban wuya, kuma ƙarancin sinadarin aidin a abinci ne ya fi jawo shi. A da, cire shi kasada ce babba, har sai da likitan nan na Siwizalan, Theodor Kocher, ya rage mace-macen aikin zuwa ƙasa da ɗaya cikin ɗari. Ya sami kyautar Nobel a 1909. A yau kuwa, tun kafin ranar aiki ake ƙiyasta haɗarin kowane majiyyaci.

Ana farawa da lafiyar jiki gaba ɗaya. Likitan sa barci yana amfani da ma'aunin ASA, wanda ya samo asali a Amurka a 1941: mataki na 1 mai ƙoshin lafiya ne, na 5 kuma wanda ba a sa ran zai rayu in ba a yi masa aikin ba. Hawan jini da ciwon suga da shan taba duk suna ɗaga mutum sama. Sai gwajin Mallampati: a buɗe baki a fito da harshe, idan ba a hango beli ba, mai yiwuwa zura bututun numfashi ya yi wahala.

Shi kansa maƙoƙon ya fi ba da labari. Wanda ya daɗe ya girma yakan danne maƙogwaro ko ya gangara bayan ƙashin ƙirji, abin da hoto ke nunawa. Gwajin jini na TSH yana nuna ko ƙullun na aiki fiye da kima. In haka ne, dole a sha magani tukuna, domin yanka a wannan hali na iya tayar da zazzaɓi da bugun zuciya mai kisa. Ana kuma leƙa maƙogwaro, saboda jijiyar murya ta bi ta bayan ƙullun, kuma taɓa ta kan bar mutum da dusasshiyar murya.

Ma'aunin ba ya hango komai. Taruwar jini a wuya, wadda ke iya toshe numfashi, takan zo ne cikin awa 24 na farko, ƙarancin kalsiyam kuma yakan bayyana da jin sanƙarewa a leɓe da yatsu bayan kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya tsallaka iyaka don aikin, gara ya riƙo takardun gwajinsa duka, ya kuma zauna kusa da asibitin har likita ya ce ya kama hanya.