Motar Asibiti ta Unguwar Hill

Kafin 1967, in ciwo ya kada mutum a Unguwar Hill, mazaunin baƙar fata a birnin Pittsburgh na Amurka, 'yan sanda ne ke zuwa, shi ma in sun ga dama. Sai a ɗora majinyaci bayan mota tamkar buhun hatsi, ba mai duba ko da sauran numfashi.

A wannan shekara aka kafa ƙungiyar Freedom House. Likita Peter Safar ya ɗebi samarin unguwar, galibinsu marasa aikin yi, ya koya musu farfaɗo da zuciya da buɗe hanyar numfashi. Watau jiyya ta riƙa farawa tun daga bakin titi, abin da a wancan zamani ba kasafai ake yarda wanda ba likita ba ya yi ba.

Amma a 1975 hukumar birni, ƙarƙashin Magajin Gari Peter Flaherty, ta janye tallafinta ta kafa tata ƙungiya. Ta gaji dabarun, alhali kuwa yawancin samarin da suka fara aikin ba su daɗe a cikinta ba.