Asalin Baƙauye a Wasan Ban Dariya

Tun ran da aka gina birni aka kewaye shi da ganuwa, ɗan birni ya sami abokin tsokana, wato baƙauye. Manomi zai kawo hatsi bisa jaki, ya tsaya kallon soraye baki buɗe, 'yan kasuwa kuwa su kwashi labarin su ƙara masa gishiri. Daga bakinsu ya shiga tatsuniya, 'yan kama da 'yan tashe suka ɗora.

Wannan tsokana ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A ƙasar Filandas, cikin Beljiyam ta yau, an yi wani gwanin zane, Pieter Bruegel, wanda ya rasu a 1569. An ce shi da wani attajiri abokinsa sukan yi shigar manoma, su kutsa gidan biki da gudummawa a hannu kamar dangin amarya, don su ga yadda ake ci da rawa. A zanensa na bikin ƙauye, da ke ajiye a Biyana ta Ostiriya, mutum biyu sun ciro ƙyauren ƙofa sun jera akusan abinci a kai, mabushi ya manta da busa yana bin akushi da ido, wani yaro kuma na zaune a ƙasa, hula ta rufe masa ido, yana lasar yatsa. Attajiran birnin Antwaf ne masu sayen irin wannan zane.

A ƙasar Hausa, da finafinan bidiyo suka kankama a Kano cikin shekarun 1990, sai baƙauye ya sami gwaninsa: marigayi Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan, tsohon gandiroba, wanda ya rasu a Disambar 2014. Shi ya ari halin Gizo ya yafa wa baƙauye. Ga tsoro, ga kwaɗayi, ga wauta a fuska, amma sau da yawa mai babbar riga ne ke kwana ciki.

Shi ya sa manoman karkara irin na Kaugama, masu noman riɗi da gero da shinkafar fadamar Haɗeja, ke kallonsa a waya suna ƙyalƙyala dariya ba tare da jin haushi ba. Sun san in damina ta yi gardama, ɗan birnin da ke yi musu dariya shi ke fara tambayar kuɗin kwano. To, kun ji asalin baƙauyen wasa.