Ƙunshin Baƙo: Daga Ina Majami'un Zariya Suka Samo Wannan Al'ada?

 Ina so in ɗan ja hankalinku a kan wata magana da ta taso wurin taronmu da ya wuce, wadda ta kusa ɓata zumunci tsakanin gidaje biyu.

Wani saurayi daga ƙauyenmu ya shigo Maraɗi neman aikin rani, ya sauka unguwar Zariya wurin wani abokinsa Kirista. Ran Lahadi ya raka abokin wata ƙaramar majami'a. Da aka tashi, sai matan wurin suka ba shi ruwa ya sha, suka miƙa masa ɗan ƙunshi cikin leda: ƙuli-ƙuli, da sabulu guda, da wani ɗan littafi. Kafin yaron ya koma gida, labari ya riga shi isa cewa an saye shi. Mahaifinsa ya yi fushi, dangin abokin kuma suka ji an ci mutuncinsu. Da yake ƙungiyarmu ta haɗa Musulmi da Kirista, kuma kaka ɗaya ta goye mu, na ga ya kamata mu waiwayi tarihi mu ga daga ina wannan ƙunshi ya fito.

GARIN DA BAƘI SUKA KAFA

Farko dai mu tuna Maraɗi kanta garin baƙi ce. Da Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka yi gudun hijira, suka zauna wani lokaci cikin ƙasar Damagaram. Wajen 1819 ne Ɗan Kasawa ya zo ya zauna bakin gulbi, inda ya tarar da azna manoma da mahalba cikin kurmi, suka karɓe shi. Haka kuma Tibiri. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama, Gobirawa suka zo kusa da ƴan'uwansu na Maraɗi suka kafa sabon birni a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Watau manyan gidajen sarauta biyu na wannan kwari, kowannensu ya taɓa tsayawa ƙofar wani da ƙura a ƙafa.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da tarbar baƙo ta zama tana da ƙa'ida a wurinmu. Dattawa sun san ta sarai. In baƙo ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa a faifai rufe, in da hali a dama fura. Ba a tambayarsa abin da ke tafe da shi sai ya sha ya huta. Sa'an nan a fasa goro. Goron nan kuwa ba ɗan ƙasarmu ba ne. Da can fatake ne ke ɗauko shi daga Gwanja bisa jakuna, tafiyar watanni, shi ya sa wanda aka ba goro ya san an girmama shi. Ranar tafiya kuma a ƙunsa masa guzuri, a raka shi har bayan gari.

Ku lura da yadda Bahaushe ya ba kowace kyauta sunanta. Abin da talaka ya kai wa sarki gaisuwa ce. Abin da matafiyi ya kawo gida tsaraba ce. Abin da aka ba ɗan aike tukuici ne. Abin da mata ke kai wa juna wurin suna ko aure biki ne, shi kuwa bashi ne, ana riƙe da lissafinsa, ranar naki ta zo a mayar miki har da ƙari. Wani masani Bafaranshe, Guy Nicolas, ya daɗe a wannan kwari yana nazarin waɗannan kyaututtuka, har ya buga littafi a kansu a 1986. Amma cikinsu duka, ruwan baƙo da guzurinsa ne kaɗai ba a jiran a mayar. Ka ba wanda wataƙila ba za ka sake ganinsa ba. Nan ne darajarsa take.

RANAR DA ƳAN MISHAN SUKA ZO BAƘUNTA

Ƙungiyar mishan da aka fi sani a nan, wadda ake kira SIM, an kafa ta a 1893. Ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, kāna kafin shekarun 1920 su ƙare ta buɗe gida a Tibiri. Abin da ake yawan mantawa shi ne, a ran nan su ne baƙi. Ba su da gona, ba su da rijiya, Hausarsu ma ba ta nuna ba. Ƙasar Sarkin Gobir suka sauka, mutanen gari suka nuna musu hanya, suka sayar musu da hatsi da ƙwai, yara suka gyara musu harshe. Ruwan maraba na farko a wannan tarihi, Bagobiri ne ya ba Bature.

Sannu a hankali sai hannun ya juya. Ƴan mishan suka buɗe ɗakin shan magani a Tibiri, mutane suka riƙa zuwa daga nesa da gyambo da ciwon ido. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausar boko, aka kuma yi ta raba ƙananan littattafan koyon karatu. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, a 1956 kuma wurin jinyar kutare a Danja, kudu da Maraɗi. Aka yi makaranta a Tibiri, aka yi gonar koyon noma a Maza Tsaye.

Ba za mu ɓoye gaskiya ba, a nan ne zargi ya samo asali. A ɗakunan maganin mishan, akan yi wa'azi kafin a fara duba marasa lafiya. Mai ciwo ya zo neman magani, sai ya ji abin da bai zo ji ba. Mutane suka ce ai wannan ba ruwan baƙo ba ne, biki ne, akwai abin da ake jira a mayar. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A ɗaya gefen kuma, akwai waɗanda danginsu suka guje su saboda kuturta, suka sami mai wanke musu miki a Danja. Su ba wanda zai gaya musu cewa alherin nan ba na gaskiya ba ne. Dukan maganganun biyu suna da shaidu, kuma mun gāje su tare.

Wajen lokacin samun ƴancin kai a 1960, Kiristocin ƙasa suka tsai da ikilisiyarsu, wadda ake kira EERN. Daga nan masu tarbar baƙo a ƙofar majami'a suka zama ƴaƴan Gobir da Katsina, waɗanda uwayensu mata suka koya musu kai ruwa da durƙusawa. Ba su yar da tarbiyyar gida ba, da ita suka shiga.

YADDA AKA ZO ZARIYA

Tsohuwar Maraɗi cikin fadama take. Ambaliyar 1945 ce ta rushe ta, aka hau tudu aka sake yanka unguwanni. Cinikin gyaɗa ya jawo mutane, gari ya yi ta faɗi. Sai fari na 1973 zuwa 1974, sai kuma yunwar 1984 zuwa 1985, wadda muke kira El-Buhari domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Waɗannan shekaru sun kwaso mutanen karkara da yawa zuwa birni, kuma sababbin unguwanni irin su Zariya suka cika da su. Da yawa cikin masu karanta takardar nan sun san abin da nake faɗi, domin da buhu ɗaya a ka suka sauka tasha.

Wanda bai taɓa kwana a tasha ba, bai san nauyin moɗa guda ta ruwa ba. A ƙauye baƙo sananne ne, kowa ya gan shi ya san ba ɗan gari ba ne. A Zariya kuwa kowa baƙo ne, ba mai ɗaga kai ya dube ka. Musulmi ya sami masallaci da zauren mai unguwa da makarantar allo. Kirista kuma, da yake su kaɗan ne, ya nemi inda ya ji ana waƙa ran Lahadi. Cikin ƙaramar majami'a mai benci goma, sabuwar fuska ba ta ɓuya. Shi ya sa aka saba a ce baƙo ya miƙe ya faɗi sunansa da garinsu, a yi masa maraba, bayan an tashi matan zumunta su ba shi ruwa, a bincika ko yana da masauki. Sau da yawa a nan ake gane ashe ɗan wance ne ta Tibiri, ko jikan wane na Jiratawa.

Ita leda sabon abu ce. Da can faifai ne da ƙwarya da bakin zane. Da aka yawaita zirga-zirga da majami'un Kano da Kaduna da Jos, sai wasu suka ɗauko salon ƙunsa abin cikin leda tun kafin baƙon ya zo. Amma buɗe ledar ka duba: gyaɗa ce ko ƙuli-ƙuli, abin da ƙasar nan ta shahara da shi, wani lokaci har da busasshen zogale daga lambunan Jiratawa. Ɗan littafin ne kaɗai gādon mishan. Sauran duka guzurin kakanninmu ne ya sake riga.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Ba na rubuta wannan don in ce babu abin tsoro ba. Mun ga abin da ya faru a Maraɗi a 2000, da Damagaram da Yamai a watan Janairu na 2015, da kuma nan Zariya a watan Yuni na 2019, sa'ad da aka sa wa wata majami'a wuta. Wuta irin wannan ba ta tashi rana ɗaya; daga ƙananan maganganu take kamawa, irin "an saye shi". Saboda haka ina da roƙo biyu.

Ga ƴan'uwanmu masu tarbar baƙi a majami'a: ku riƙe ƙa'idar dattawa. In kun ba da ruwa, ya zama ruwan baƙo. Kada a bi yaro masauki ana matsa masa domin ya karɓi sabulu. In kun san ɗan Musulmi ne ya rako aboki, ku tambaye shi ko yana son littafin kafin ku sa masa. Kyautar da ke da igiya ba kyauta ba ce, tarko ce.

Ga ƴan'uwanmu Musulmi kuma: kada mu mai da ɗanmu abin da ake saye da ƙuli-ƙuli. Labarin Annabi Ibrahim, wanda ya yanka wa baƙin da bai sani ba ɗan maraƙi, yana cikin Alƙur'ani, yana kuma cikin Attaura. Maƙwabcin da ya shayar da ɗanka ya yi abin da kai ma za ka yi wa nasa. Yaba kyauta tukuici.

Sa'an nan mu tambayi kanmu: ran da yaron nan ya sauka tasha, ina ƙungiyarmu take? Wa ya tarbe shi cikinmu? Ina ba da shawara a taro mai zuwa a zaɓi mutum biyu a Zariya, namiji da mace, waɗanda duk sabon zuwa daga gida zai fara sauka wurinsu, a kuma ware wani abu daga kuɗin wata domin ruwansa da guzurinsa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma in an haɗa su biyu ya fi.

Na ji dattawa sun zaunar da gidajen nan biyu, an fasa goro. Allah shi ƙara haɗa kanmu, shi ba mu damina mai albarka, shi mai da kowane ɗan ci-rani gida lafiya. Haza wassalam.