Shaihu Umar (fim)

Shaihu Umar fim ne na Hausa da ya fito a shekarar 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni. An ɗauko labarinsa daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa mai wannan suna, wanda aka fara bugawa a 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da littafin wasan kwaikwayo kafin ya zama fim.

Labari

Fim ɗin ya fara da almajirai suna tambayar malaminsu asalinsa. Umar ya ba su labarin yadda aka kori Makau, mijin mahaifiyarsa, aka sace shi yana yaro, ya faɗa cikin bauta, har Balarabe Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi makarantar allo. Mafarki ne ya tayar da shi neman mahaifiyarsa.

Ƙarshen labari

A littafin, uwar ta fita neman ɗanta, ita ma aka bautar da ita. Sun sadu a Tarabulus, ba ta daɗe ba ta rasu. Umar ya dawo ya zauna a Rauta yana karantarwa. Wahalhalun Makau da na uwar duk daga bakin Umar ake jin su, alhali ba a gabansa suka faru ba.

Sake gano shi

Fim ɗin ya ɓace shekaru da dama, har aka gano faifansa a 2016. An gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018.