Waiwaye: Mai Wayarin, Daga Gaban Oga Zuwa Lasisi

Wutar lantarki ta fara haskawa a Legas a 1896, amma ta daɗe ba ta wuce gidajen Turawa da ofisoshin gwamnati ba. A lokacin, ma'aikatar ayyuka ce ke horar da 'yan tsirarun da ke taɓa waya. Da aka kafa hukumar wutar lantarki ta ECN a farkon shekarun 1950, sannan madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, NEPA kuma ta zo a 1972, sai wuta ta shiga lunguna, neman masu wayarin ya ƙaru.

Daga nan hanyar koyon sana'ar ta rabu biyu. Ta farko ita ce ta makaranta: kwalejojin fasaha na gwamnati, inda ɗalibi ke zana jarrabawar City and Guilds ta Landan, kafin hukumar jarrabawa ta NABTEB, wadda aka kafa a 1992, ta karɓi ragamar. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kuma tana yin gwajin sana'a mai hawa uku, a fara da mataki na uku a ƙare a na ɗaya.

Ta biyu, wadda ta fi yaye mutane, ita ce gaban oga. Uba ya kai yaro, ya ce ga amana. Yaron ya fara da ɗaukar tsani da fasa bango, yana miƙa filaya da salatif, sai an jima a ba shi testa ya haɗa soket. Hannu kan faɗa, amma lissafin nauyin da waya za ta ɗauka sau da yawa a baya ake barinsa. Shi ya sa za ka tarar an ja wa na'urar sanyaya ɗaki siririyar wayar ƙwan fitila, ko an ɗaure fis da zaren tagulla.

Bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, dokar 2015 ta ɗora wa hukumar NEMSA alhakin tantance masu wayarin da ba su shaidar ƙwarewa. Doka dai ta samu. Abin da ya rage shi ne mai gida, wanda har yau farashi yake tambaya, ba takarda ba. Kafin ka ba wani aikin gidanka, ka ce ya nuna maka shaidarsa. Araha ba ta ado, balle a harkar wuta.