Yadda Aka Yi Man Sitiyari Ya Samu Nasa Lagireto

Wanda ya leƙa ƙarƙashin gaban tsohuwar akori-kura ƙirar Amurka, irin Chevrolet ko Ford na shekarun 1970 da 1980, yana iya cin karo da wani siririn bututun ƙarfe da ya fito daga akwatin sitiyari, ya bi jikin shasi, ya lanƙwaso ya koma wajen famfo. Ba ya riƙe komai, ba ya juya komai. A wasu motocin an jera masa siraran fukafukai, an kafe shi inda iska ke bugawa. Aikinsa ke nan: man sitiyari ya bi ta cikinsa ya huce. Ba da shi aka fara ba, kuma dalilin zuwansa yana cikin asalin ƙirar sitiyarin mai kanta.

Francis W. Davis injiniya ne a sashen manyan motoci na kamfanin Pierce-Arrow da ke Buffalo, a jihar New York. Ya ga yadda direbobi ke kokawa da sitiyari in an lafta wa mota kaya, sai ya bar aikin ya koma neman hanyar da inji zai taya hannu. A 1926 ya nuna wa kamfanonin Detroit wata Pierce-Arrow da ya sa wa sitiyari mai aiki da ƙarfin mai. Dabarar da ta raba shi da waɗanda suka riga shi gwadawa ita ce bawul mai buɗaɗɗiyar tsakiya. Maimakon a tara mai a matse ana jiran lokacin buƙata, sai a bar shi yana ta zagayawa daga famfo zuwa akwatin sitiyari ya dawo. Sai direba ya murɗa sitiyari bawul ɗin ke tare hanya, matsi ya taru a gefe ɗaya na fistan, ya tura tayoyi. Wannan ya rage yoyo da fashewar tiyo, amma ya bar gado: famfo ba ya hutawa muddin inji na aiki, ko da motar a miƙe take tafiya.

General Motors ta ɗauki Davis, ta yi lissafi a zamanin karayar tattalin arzikin shekarun 1930, ta ce abin ya yi tsada. Ya koma Bendix. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe wa fasahar kasuwa, domin motocin sulke da na janye tankokin yaƙi sun fi ƙarfin damtsen soja. Bayan yaƙi Chrysler ta riga kowa kai ta ga motar gida, a Imperial ta 1951, da sunan Hydraguide. Cadillac ta biyo baya a 1952 da kayan sashen Saginaw na General Motors da ke jihar Michigan. Akori-kura ta jira har 1955, lokacin da Chevrolet ta fara sayar da sitiyarin mai ga wanda ya yarda ya ƙara kuɗi. Manoma da yawa ba su ƙara ba. Faffaɗan sitiyari da siraran tayoyi sun ishe su.

To daga ina zafin yake fitowa? Bel ne ke juya famfon daga inji, saboda haka gudunsa na bin gudun inji. Amma lokacin da direba ya fi buƙatar taimako shi ne lokacin da inji ya fi juyawa a hankali, wato wajen fakin ko juya mota a matsatsin wuri. Dole aka yi famfon da girman da zai wadatar a wannan hali. Da an hau babban titi inji ya ɗauki wuta, famfon na turo mai ninkin abin da ake so, sai wani ƙaramin bawul a cikinsa ya riƙa mayar da rarar baya. Duk man da aka matsa aka sake ba tare da ya yi aiki ba, ƙarfin da aka kashe a kansa zafi yake zama.

Mafi muni shi ne a murɗe sitiyari har ƙurya a riƙe. Fistan ya kai bango, mai ba shi da wurin zuwa, matsi ya haura har bawul ɗin kariya ya buɗe, abin da a irin waɗannan motoci yakan faru tsakanin bar 70 zuwa 100. Famfon da ke tura kamar lita 11 a minti a kan bar 90 yana zuba fiye da kilowat ɗaya da rabi a cikin man da duka-duka bai fi lita ɗaya da 'yan kai ba. Kusan ƙarfin hitar dafa ruwan shayi ke nan. Shi ya sa littattafan da ake ba mai mota ke gargaɗin kada a riƙe sitiyari a ƙurya fiye da 'yan daƙiƙoƙi, kuma kukan da famfo ke yi a wannan lokaci ba na banza ba ne. Ƙa'idar da masana mai ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar mai. Ya yi baƙi, ya yi ƙauri, ya tsinke, robobin da ke tare yoyo su bushe su tsage.

Man kansa aro ne. Shekaru da dama abin da ake zubawa shi ne man giyar otomatik: Type A da General Motors ta fitar a 1949, daga baya Type F na Ford da kuma Dexron na 1967. Har farkon shekarun 1970 akwai man kifin whale a cikin irin wannan mai, kafin dokar Amurka ta hana.

A ƙaramar akori-kura ta shekarun 1950, gwangwanin famfon da tsawon tiyo sun isa su zubar da zafin. Motar ce ta canza. Daga tsakiyar shekarun 1960 Amurkawa suka fara ɗora wa akori-kura ɗakin kwana na yawon shaƙatawa, har Ford da Chevrolet suka fitar da samfurin Camper Special. Aka sa manyan injuna masu silinda takwas, nauyinsu a kan tayoyin gaba. Tayoyi suka ƙara faɗi. Na'urar sanyaya ɗaki ta zo ta kafa nata lagireto a gaba, tana ɗumama iska kafin ta shiga. Dokokin rage hayaƙi na shekarun 1970 suka ƙara zafin da ke ƙarƙashin bonet. A jihohin arewacin ƙasar kuma ana rataya wa motar garmar ture dusar ƙanƙara a hanci, direba ya kwana yana gaba da baya, sitiyari daga wannan ƙurya zuwa waccan, ga garmar ta tare iska. Da wuya a sami aikin da ya fi wannan dafa man sitiyari.

Sai birki ya shigo. Injin fetur, saboda maƙogwaron da ke taƙaita iskar da yake shaƙa, yana samar da zuƙa, da ita ake taya ƙafar direba taka birki. Injin dizal ba shi da wannan. A farkon shekarun 1970 Bendix ta fito da Hydro-Boost, wanda ke ɗaukar ƙarfin birki daga famfon sitiyari. General Motors ta sa shi a manyan akori-kurarta, kuma da injin dizal mai lita 6.2 ya fito a 1982, da shi ya zo. Famfo ɗaya, mai ɗaya, aiki biyu. Direban da ke gangara da tirela a baya, yana birki yana karya kwana, yana neman duka biyun a lokaci guda.

Maganin da injiniyoyi suka zaɓa mai arha ne. Tiyon da ke fita daga famfo yana ɗauke da matsi mai yawa, ba a wasa da shi. Wanda ke dawo da mai kuwa kusan babu matsi a cikinsa, ƙaramin maɗauri ya isa ya riƙe shi. Nan aka tsawaita hanya da bututun ƙarfe, a ƙananan motoci lanƙwasa ɗaya kawai, a masu ɗaukar nauyi da masu Hydro-Boost a ƙara fukafukai. A ganina wannan faci ne, ba gyara ba, domin ɓarnar tana cikin famfo, bututun yana kwashe sakamakonta ne kawai. Amma facin ya yi shekaru yana aiki, kuma ba shi da abin lalacewa sai tsatsa. Ita ce ajalinsa a jihohin da ake watsa gishiri a titi lokacin hunturu: bututun ya rube, mai ya tsiyaye, wani makaniki ya yanke shi ya haɗa da guntun tiyo, motar ta koma yadda take kafin a gano matsalar.

Masu tsofaffin motocin nan a yau, musamman masu sa ƙattin tayoyi su hau duwatsu, sukan sayi ƙaramin lagireton man giya su ɗaura a tiyon dawowa. Yana taimakawa, in an kafe shi ƙasa da bakin gwangwanin mai don kada iska ta maƙale a ciki. In ya cika girma a ƙasar sanyi, man ya yi kauri da safe, famfo ya yi ta kuka. Kuma ba ya tayar da famfon da ya riga ya cinye. A wajenmu batun bai taso da wuri ba, tunda yawancin Peugeot 404 da 504 da suka yi mana dakon buhuna ba su da famfon sitiyari ko kaɗan. Da Hilux da ire-irenta ya iso, ga zafin watan Afrilu, ga ƙurar da ke toshe fukafukai.

Abin da ya kawo ƙarshen lamarin ba ingantaccen lagireto ba ne. A 1988 Suzuki ta sa wa ƙaramar motarta Cervo sitiyari mai aiki da lantarki, wanda ba ya jan ƙarfi sai an murɗa shi. An daɗe kafin a yi mai ƙarfin juya tayoyin akori-kura. Ford ta sa shi a yawancin F-150 na 2011, Ram 1500 ta bi a 2013, Chevrolet Silverado 1500 a 2014, kuma babban abin da ya tura su shi ne dokar rage shan fetur. Manyan yayyensu, irin F-250 da Silverado 2500, sun ci gaba da famfo da mai da lagiretonsa shekaru bayan haka, domin nauyin injin dizal da garmar dusar ƙanƙara a kan tayoyin gaba ya fi abin da wutar bolt 12 za ta juya cikin sauƙi.