Tarihin Mazubin Kwalaben Gwajin Jini

A zamanin da, in likita yana son sanin cutar da ke damun majiyyaci, sai a ɗebi jininsa a zuba cikin 'yar siririyar kwalba, a jera kwalaben bisa wani katako mai ramuka. Ma'aikaci shi ke auna kowace ɗaya da hannu. Aikin yana cin lokaci ƙwarai. In kuwa gajiya ta sa ya musanya kwalba biyu, sai a ba mutum maganin cutar da ba tasa ba.

Ana nan sai wani masani a birnin Cleveland ta Amurka, wai shi Leonard Skeggs, ya ƙago na'ura mai yin awon da kanta. Kamfanin Technicon ya fara sayar da ita cikin 1957, da sunan AutoAnalyzer. An yi mata faifai mai kewayawa, ɗauke da ƙananan kofuna. Duk kofin da ya iso, sai wani bututu ya tsotsi abin da ke ciki, kumfar iska kuma tana tsare jinin wani kada ya gauraya da na wani.

A farkon shekarun 1980, Masahide Sasaki na Makarantar Likitanci ta Kochi a Japan ya shimfiɗa bel mai tafiya, wanda ke kai mazubin kwalabe daga wannan na'ura zuwa waccan. Yau ana manna wa kowace kwalba lamba mai zane-zane, na'ura ta karanta, don sakamako ya koma ga mai jinin.